Awon oksijin a gurɓatattun jijiyoyin bayan ido: yadda ake karanta lambar

Mai ciwon suga da cutar ta fara taɓa masa ido, idan aka auna oksijin a jijiyoyin da ke maido jini daga tantanin ganinsa, galibi lambar da ke fitowa ta ɗara ta mai lafiya. Wanda bai san kan aikin ba zai ga lambar ya ce madalla, ido ya ƙoshi. Likitan ido kuwa gabansa ne zai faɗi, domin jinin da ya shiga ido ya fito da kayansa bai sauke ba, ko dai ya bi ta hanyar da babu mai karɓa, ko kuwa masu karɓar sun mutu. A shekarar 2009 Martin Hammer da abokan aikinsa a birnin Jena na Jamus sun auna wannan daki-daki: a masu lafiya jijiyar maido jini tana da oksijin kashi 63 cikin ɗari, a farkon cutar ta hau 69, a matakin da ya yi tsanani ta kai 75. Cuta na ƙaruwa, lamba na hawa.

Kafin a fahimci dalili sai an san yadda aka raba wa tantanin gani abincinsa. Retina, wato tantanin da ke shimfiɗe a bangon bayan ido, tana cikin sassan jiki mafiya cin oksijin idan aka yi la'akari da ƙanƙantarta, kuma daga wuri biyu ake ciyar da ita. Rabinta na ciki, mai fuskantar ruwan ido, yana samu daga jijiyoyin da ke fitowa ta faifan jijiyar gani su bazu a kan tantanin, waɗanda likita ke gani idan ya leƙa da fitila. Rabin waje, inda ƙwayoyin karɓar haske suke, yana sha daga koroid, shimfiɗar jini da ke ƙarƙashi. Jinin koroid yana gudu da yawa har abin da ake zare masa na oksijin bai wuce kashi 3 ba. Jijiyoyin saman kuwa jininsu kaɗan ne, kuma ana zare masa fiye da kashi ɗaya bisa uku na abin da ya shigo da shi. Shi ya sa rabin ciki ba shi da rara: da zarar hanya ta toshe, yunwa ta kama shi. Awon da muke magana a kai jijiyoyin saman kaɗai yake gani. Koroid ba ta shiga lissafinsa.

Yadda na'urar ke lissafi

Ƙaramar na'urar da ake maƙala wa majinyaci a yatsa a ɗakin haihuwa ko na tiyata tana amfani da haske iri biyu, mai tsawon zango nanomita 660 da mai 940 (tsawon zango shi ne ma'aunin da ke bambance wani launin haske da wani), tana bin bugun jini ta ware na jijiyar kaiwa. Ta ido ba ta bin bugu. Hoto take ɗauka, kuma tana ganin jijiyar kaiwa da ta maidowa a lokaci guda, kowace da lambarta. Tunanin ya daɗe: Hickam da Frayser sun gwada shi da fim a Amurka tun wajen 1960, François Delori ya fito da na'ura mai haske uku a 1988, James Beach da abokansa suka mai da shi hoton kwamfuta mai haske biyu a 1999. Na'urori biyu ne suka fi yawo a bincike a yau. Akwai Oxymap T1 ta ƙasar Aisland, wadda ta fito daga aikin Einar Stefánsson da Sveinn Hardarson, ana ɗora ta a kan kyamarar bayan ido ta Topcon, tana raba walƙiya ɗaya zuwa hoto biyu, na nanomita 570 da na 600. Akwai kuma ta kamfanin Imedos a Jena, mai aiki da 548 da 610.

Sirrin yana cikin launin jini. Himoglobin shi ne sinadarin jan jini da ke dakon oksijin. A nanomita 570, himoglobin mai ɗauke da oksijin da wanda ya sauke duk ɗaya suke shan haske, saboda haka a wannan hoton jijiyar kaiwa da ta maidowa duka baƙaƙe ne. A 600 kuwa wanda ya sauke oksijin ya fi shan haske nesa ba kusa ba, sai jijiyar kaiwa ta yi fari-fari har ta kusa ɓacewa, ta maidowa ta rage da duhunta. Manhaja tana auna hasken da ya dawo daga kan jijiya, ta auna wanda ya dawo daga gefenta, ta fitar da duhun jijiyar ta hanyar logaritim na rabon su biyun. Daga nan ta raba duhun 600 da duhun 570. Rabon da ya fito, idan ya ƙaru oksijin ya ragu, kusan a miƙe.

A ɗauki lambobin misali don a ga yadda abin ke da saurin karkata. Hasken gefe 100 ne a hotuna biyun. A kan jijiyar maidowa an samu 40 a hoton 570, duhunta 0.40 ke nan; an samu 70 a hoton 600, duhunta 0.155. Rabo ya zama 0.39. To a ce mai idon yana da yanar ido da ke watsa haske, ta ƙara hazo na 20 a ko'ina cikin hoton. Yanzu 120 a kan 60 ne, da 120 a kan 90: duhu 0.30 da 0.125, rabo ya koma kusan 0.42. Jinin bai canja ba ko kaɗan, amma na'ura za ta ce oksijin ya sauka da maki da dama. Wannan shi ne abin da ake gani a zahiri: yanar ido da hoto mai hazo suna saukar da lambar, musamman ta jijiyar maidowa.

Akwai wani abu da masu sayar da na'ura ba su cika jaddadawa ba. Babu wanda ya taɓa zuƙo jini daga jijiyar tantanin ganin mutum mai lafiya ya kai ɗakin gwaji ya daidaita na'urar da shi. An saita Oxymap ne yadda matsakaicin masu lafiya zai yi daidai da abin da Dietrich Schweitzer ya samu da wata hanyar haske a 1999, wato kimanin 92 a jijiyar kaiwa da 58 a ta maidowa. Da aka auna masu lafiya a Aisland a 2012 aka samu 92.2 da 55.6. Na'urar Jena kuma, kamar yadda aka gani a sama, ta ba masu lafiya 63. Saboda haka 63 a wannan na'ura lafiya ce, a waccan kuma abin dubawa ne. Don haka ne ma wani lokaci allo ke nuna kashi 104 ko 108 cikin ɗari, abin da jini ba zai iya kaiwa ba. Inda na'urar ke da ƙarfi shi ne maimaici: a ɗauki jijiya ɗaya sau da dama, bambancin bai fi maki 1 a ta kaiwa da maki 1.4 a ta maidowa ba. Kuma tana bin gaskiya idan gaskiyar ta motsa. Masu ciwon zuciya na haihuwa da jininsu ke da ƙarancin oksijin, an ga lambarsu ta ido ta yi ƙasa. Wanda aka shaƙa wa tsantsar oksijin, jijiyar maidowarsa takan haura 70.

A ɗakin ɗaukar hoto

Kuskure mafi yawa tun a nan ake yin sa. Ana fara duba zurfin ɗakin gaban ido da fitila don kada maganin buɗe ido ya tayar da hawan jinin ido ga mai ƙunƙuntar mafitar ruwan ido. Sai a ɗiga tropikamid na kashi 1, idan da buƙata a ƙara fenilefrin na kashi 2.5. Baƙin ido irin namu yana jinkirin buɗewa fiye da na Bature, domin launin da ke cikinsa yana riƙe maganin; minti 20 ba ya isar wasu, sai an kai 30 ko 40, wani lokaci a sake ɗigawa. Mai gaggawa da ya ɗauka ido bai gama buɗewa ba zai samu hoto mai duhun gefe, kuma lambar gefen ba ta da amfani. Kafin a zaunar da mutum a gaban kyamara a rubuta awon yatsarsa, da hawan jininsa, da yawan himoglobin ɗinsa idan akwai, a tambaye shi ko ya sha taba a ƴan sa'o'in nan, tun da hayaƙinta yana ɗaure wani kaso na himoglobin da na'urar mai haske biyu ba ta san da shi ba.

Dattijo ya ɗora haɓa, goshi ya manne da madogara, mai ɗaukar hoto ya ce masa: “Baba, ɗan koren hasken can za ka tsura wa ido, kada ka bi ni da kallo. Ƙifta sau biyu. To, buɗe, riƙe haka.” Ƙiftawar nan ba wasa ba ce: a lokacin hunturu, mutumin da ya taso daga Dakoro ko Mayahi a bayan mota cikin ƙura yana isowa da busasshen ido, hawayen da ke lulluɓe da gaban idon ya tsattsage, hoton ya fito da hazo. Ɗigon hawayen roba minti biyu kafin ɗauka yana gyara wannan. Faifan jijiyar gani ake sa wa a tsakiyar hoto mai faɗin digiri 50, kuma a wuri ɗaya kowane zuwa, domin jijiya guda takan ba da lamba dabam idan ta koma saman hoto ko ƙasansa. Ƙarfin walƙiya ɗaya, hasken ɗaki ɗaya, tazara tsakanin hoto da hoto ɗaya, ido na dama kafin na hagu kullum. Ƙwayoyin karɓar haske sun fi cin oksijin a duhu, kuma an ga lambobin jijiyoyin suna ɗan motsawa tsakanin duhu da haske, saboda haka wanda aka ɗauka yau a ɗaki mai duhu, bayan wata uku aka ɗauke shi taga a buɗe, an riga an ɓata kwatancen. Inda wuta ke yawan ɗaukewa ana komawa janareta, a sa na'urar daidaita wuta tsakani, kuma a rufe madubin kyamara duk lokacin da ba a aiki. Ƙurar da ta kwanta a kansa ita ma kamar yanar ido ce.

Manhaja takan zana jijiyoyin da launi, ja ga mai yawan oksijin, kore da shuɗi ga mai ƙaranci. Hoton yana da kyawun kallo, amma ba shi ne awon ba. Ana zana da'ira biyu kewaye da faifan, ta ciki mai faɗin faifai ɗaya da rabi, ta waje mai faɗin faifai uku, a zaɓi gutsattsarin jijiyoyi a tsakaninsu. Ana tsallake inda jijiya ta haye wata, da inda ta rabu biyu, da inda biyu suka jeru kafaɗa da kafaɗa har babu fili a gefe. Wadda faɗinta bai kai piksel 8 ba, kimanin maikromita 70 da ɗoriya, a bar ta. Dalili kuwa, siririyar jijiya tana ba da lamba sama da gaskiya, mai kauri tana ba da ƙasa. Akwai gyaran da manhaja ke yi wa wannan, amma an gina shi a kan jijiyoyin masu lafiya, masu faɗin maikromita 100 zuwa 150 ko kusa da haka. Gurɓatacciyar jijiya kuwa sau da yawa a waje da wannan iyaka take.

Inda jijiyar ta gurɓace

Mu koma kan mai suga. Abubuwa huɗu ne ke iya ɗaga lambar jijiyar maidowarsa, kuma sukan haɗu. Siraran jijiyoyin da ke tsakanin kaiwa da maidowa, masu faɗin maikromita 5 zuwa 10, suna toshewa yanki-yanki, jinin ya koma bi ta wasu ƴan hanyoyi da suka faɗaɗa a gefen yankin da ya mutu. Bangon waɗanda suka rage yana kauri, oksijin ya sha wuyar ratsawa. Himoglobin da suga ya manne masa ya ɗan fi riƙe oksijin. Sannan naman da ya mutu ba ya cin komai. Wanda ya san fadamar noman rani ta Jiratawa zai gane na farkon nan take: idan ƙananan kwatocin da ke shiga fangali suka cushe, ruwa ya ɓalle daga babbar hanya kai tsaye zuwa magudanar fita, mai tsaye a bakin magudanar zai ga ruwa ya fi na kullum, shuka kuwa tana bushewa a ciki. A lissafi: idan kashi ɗaya bisa uku na jinin ya zarce da 92 ɗinsa, sauran biyu suka sauke suka dawo da 56, gaurayen da zai bayyana a babbar jijiyar maidowa 68 ne. Lambar ba ta ce komai game da yankin da jini bai shiga ba sam, alhali shi ne ke haifar da masifar.

Yankin nan mai yunwa shi ke fitar da sinadarin VEGF, mai kiran sababbin jijiyoyi su tsiro. Yadda ƙwayar halitta ke jin ƙarancin oksijin ta kunna wannan kira shi ne aikin da ya ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel a 2019. Sababbin jijiyoyin su ne kowa zai so ya auna, kuma su ne ba sa aunuwa da kyamara mai haske biyu. Sun yi siranta, sun taso daga kan tantanin sun kutsa cikin ruwan ido har saitin kyamara bai kama su tare da sauran ba, kuma a bayansu babu fili mai tsabta, sai wasu jijiyoyin da zaren tabo da ɗigon jini. Duk lambar da manhaja ta liƙa musu a share ta. Abin da ake iya yi shi ne a auna jijiyar maidowa da ke kwashe jinin wannan kusurwar, a kwatanta ta da ta sauran kusurwoyi uku, tun da gida huɗu ake raba bayan ido, tare da tuna cewa ko a mai lafiya kusurwar ƙasa ta wajen kunne ita ce mafi ƙarancin lamba.

Toshewar babbar jijiyar maido jini, wadda ta fi samun masu hawan jini da masu hawan jinin ido, tana juya lamarin. Jini ya taru ya rasa mafita, yana tafiya a hankali, nama yana ta zarar abin da ke cikinsa. Hardarson da Stefánsson sun samu 49 a idon da ya toshe da 65 a ɗaya idon na mutanen guda, a 2010, jijiyoyin kaiwa kuma ba su bambanta ba. Sai dai a nan ma akwai tarko. Irin wannan ido cike yake da jinin da ya zuba a gefen jijiyoyi. Jinin da ya zuba yana shanye hasken 570 fiye da na 600, sai hasken gefe ya ragu a hoto ɗaya fiye da ɗayan, rabon ya hau, lambar ta ƙara faɗuwa. Jijiyar kuma ta kumbura, kauri ma yana saukar da lamba. Abu uku ke nan suna ja ƙasa, ɗaya ne kawai na gaskiya. Mai aunawa ya nemi gutsuren da gefensa biyu suke da tsabta, ko da gajere ne, ya rubuta faɗinsa kusa da lambarsa. Bayan watanni, idan jijiyoyin ratse suka buɗe a kan faifan suna kai jinin zuwa koroid, lambar takan farfaɗo. Idan kuma ta zarce ta ɗaya idon, a yi zargin nama ne ya mutu ya daina ci, a nemi hoton rini na fuloresin, wanda ake ɗauka bayan an yi allurar rini a jini, a ga iyakar inda jini ba ya shiga.

Inda awon ya fi faɗar magana a sarari shi ne jijiyoyin da aka haifi mutum da su a haɗe. A cutar Wyburn-Mason jijiyar kaiwa takan zarce cikin ta maidowa babu siraran jijiyoyi a tsakani, su biyun su kumbura su nannaɗe, har likita ya kasa cewa ga inda wannan ta ƙare waccan ta fara. A nan ana sa ran lambar ta yi kusan daidai daga farkon madaukin zuwa ƙarshensa. Tun da kauri ƙasa yake ja, lamba mai yawa a irin wannan ƙatuwar jijiya abin yarda ce, kuskuren na'ura ma yaƙar ta yake. Haka ƙarin da ke tsirowa daga jijiyoyin jini a cutar von Hippel-Lindau, mai jijiya ɗaya da ke ciyar da shi da wata da ke kwashewa: jini yana ratsa shi da gudu, mai kwashewar ta fito jajir. Idan aka ƙone ƙarin da leza ko aka daskarar da shi, jijiyoyin biyu suka sirance, saukar lambar mai kwashewa tana tafiya da rufewar hanyar. Amma a lura, sirancewar da kanta tana ɗaga lamba, don haka faɗi da lamba tare ake karanta su, ba a raba su.

Hawan jini na shekaru yana da tasa matsalar. Bangon jijiyar kaiwa ya yi kauri yana ƙyalli, layin hasken da ke tsakiyarta ya faɗaɗa, manhaja ta rasa wurin duhu na gaskiya da za ta auna. Wadda ta koma farin zare gaba ɗaya, bango ake aunawa, ba jini ba. Tabon leza a gefen jijiya, fararen ɗigon kitse, da ƙyallin zaren jijiyar gani da ke fitowa sosai a idon matasa baƙaƙe, duk suna canja hasken gefe. A hawan jinin ido da ya yi nisa, da cutar dundumin gado mai cinye ƙwayoyin karɓar haske, lambar maidowa takan hau saboda masu ci sun ragu. A dundumin gadon, jijiyoyin sun sirance ƙwarai, wani kaso na hawan daga sirantar yake.

Abin da ya shafi idon Maraɗi

Lambar na'ura kaso ce, ba yawa ba. Giram ɗaya na himoglobin yana ɗaukar kimanin mililita 1.34 na oksijin. Mai himoglobin giram 14 a desilita, da 92 a jijiyar kaiwa, yana kai mililita 17.3 a kowace desilita ta jini. Mace mai shayarwa ko yaron da zazzaɓin cizon sauro ya sha jininsa, mai giram 8, da wannan 92 ɗin dai, mililita 9.9 yake kaiwa. Allo zai nuna musu ja iri ɗaya. Ko tazarar maki 36 tsakanin kaiwa da maidowa, a wurin na farko mililita 6.8 ce aka sauke, a wurin na biyu 3.9. Sannan ko wannan bai cika ba sai an san yawan jinin da ke wucewa a minti, abin da kyamarar ba ta aunawa. Tazara mai faɗi tana iya nufin nama yana ci sosai, tana iya nufin jini ne ke rarrafe. A yankin da ƙarancin jini ya zama ruwan dare, awon ido ba tare da awon himoglobin na ranar ba rabin aiki ne.

Sikila ta ƙara dagula lissafin. Himoglobin S ya fi sakin oksijin da wuri, kuma masu SS da yawa ko a yatsa lambarsu ba ta kai ta kowa ba, jininsu kuma ya yi ƙaranci. Ɓarnar da sikila ke yi wa tantanin gani a can gefe take farawa, galibi ta wajen kunne: ƙananan jijiyoyin kaiwa su toshe, a samu haɗewar kaiwa da maidowa a bakin iyakar, sannan sababbin jijiyoyi masu siffar mafici su tsiro, jini ya zuba cikin ruwan ido, daga ƙarshe tantanin ya ɗaye. Matakai biyar ke nan da Morton Goldberg ya tsara a 1971, kuma masu SC sun fi masu SS kaiwa matakin tsiron, ko da yake ciwon jikinsu ya fi sauƙi. Hoton digiri 50 da ke kewaye da faifan jijiyar gani bai isa can ba. Yaro zai iya samun lambobi masu kyau a tsakiya alhali mafici na tsiro a gefe. Babu abin da zai maye buɗe ido a duba gefensa da fitilar kai da madubi, shekara-shekara tun daga wajen shekara 10. Kuma ga mai sikila a taƙaita da tropikamid, a guji fenilefrin mai ƙarfi saboda yana matse jijiyoyi.

Sai zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, wanda ke cika ɗakunan yara daga Agusta zuwa Oktoba. Likitocin da suka yi aiki a Blantyre ta Malawi sun bayyana alamominsa a bayan ido: farare-fararen wurare a tantanin, ɗigon jini mai farin tsakiya, da jijiyoyin da launinsu ya koma ruwan lemo ko fari. Launin ya canja ne saboda jajayen ƙwayoyin da cutar ta shiga sun maƙale a bango, kuma ta cinye himoglobin ɗin cikinsu ta bar nata baƙin launi. Lissafin haske biyu ya ginu a kan cewa abu biyu ne kawai ke shan haske cikin jijiya, himoglobin mai oksijin da marar shi. A wannan jijiyar zancen ya rushe, duk lambar da ta fito ba ta oksijin ba ce. Ganin launin da ido shi ne mai amfani, domin yana taimakawa a bambance yaron da zazzaɓin ne ya sumar da shi da wanda ke ɗauke da ƙwayar cutar a jini amma wani abu ne dabam ya kwantar da shi.

Babban batu shi ne launin bayan idon kansa. Sinadarin melanin ya fi shan gajeren zango, kuma shi ke tsare hasken da zai dawo daga koroid, saboda haka hasken gefe a idon Bahaushe ko Bafillace ko Buzu ba irin na ɗan Aisland ba ne, kuma bambancin ba daidai yake a hotuna biyun ba. Mutanen Jena sun san da haka, tun 2008 suka sa gyaran launi da na faɗi a lissafinsu. Na'urar yatsa ma ta koya wa duniya darasi: binciken da aka buga a Amurka a 2020 ya nuna tana ɓoye ƙarancin oksijin a baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da farare. Ra'ayinmu shi ne, ɗauko teburin 92 da 56 a yanke wa mutumin Tasawa ko Madarumfa hukunci da shi ganganci ne. Kwatance uku ne ke tsayuwa: ido da ɗan'uwansa a mutum ɗaya, tun da launinsu da jininsu ɗaya ne, kusurwa da kusurwa a ido ɗaya, da jijiya ɗaya da kanta kafin magani da bayansa, muddin ba a cire yanar ido a tsakani ba, domin cirewar kaɗai tana ɗaga lamba.

Har yau awon nan kayan bincike ne, ko a Turai. Shawarar yin leza, ko allurar bevacizumab da ƴan'uwanta masu daƙile VEGF cikin ido, ko tiyata, tana fitowa daga duban likita da hoton rini da hoton OCT, mai nuna tantanin gani shimfiɗa-shimfiɗa. Ana gwada wata hanya a Amurka, OCT mai amfani da hasken da ido ke gani, wadda ke ware hasken da ya fito daga cikin jijiyar kanta maimakon dogaro da gefenta, kuma a ka'ida hakan zai rage matsalar launi da ta zubar jini. Kafin ta iso, duk cibiyar da ta kawo kyamara mai haske biyu Maraɗi, ko tsangayar kiwon lafiya ta Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ce ko wani asibitin ido, aikinta na farko shi ne ta auna masu lafiya na gida, maza da mata, matasa da dattawa tun da lambar maidowa na sauka da shekaru. Kowanne a rubuta masa himoglobin, da nau'in jininsa AA ne ko AS, da awon yatsa, da matakin yanar ido, da faɗin kowace jijiya da aka auna. Kuma mutum biyu su zaɓi gutsattsarin jijiyoyin kowa da kansa, ba tare da ɗaya ya ga na ɗaya ba, a ga ko lambobinsu za su haɗu.